Ƙasa da Talatin

Litinin, 5 ga Janairu. Batagarawa.

Jatau bai ci ba tun jiya. Kan kifin da Inna ta aje masa yana nan, tururuwa sun yanyame shi. Ya shige ƙarƙashin gadonta ya durƙusa, wuya a miƙe, ya ƙi kwanciya ta gefe. Da ciki yake numfashi.

Inna ta ce mura ce, wa hazon nan ya bari? Hazo kam ya sauko, da safe daga bakin titin Dutsin-Ma ba a hango ginin jami'a. Amma ba atishawa, ba majina, ba tari.

Maƙwabciya ta leƙo, a jiƙa masa rabin Panadol. Na ce kul. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Bayan isha'i na ƙirga numfashinsa da agogon waya. 64 a minti.

Talata, 6 ga Janairu

Asuba 70. Ya buɗe baki yana haki. Haki na kare ne. Mage in ta yi, abu ya ɓaci.

Izini a makaranta. Kwalin indomi, na huda da wuƙa, tsohon zanen Inna a ciki. Napep zuwa cikin gari. Mai napep ya tambaya ko na sayarwa ne.

Dokta bai fito da shi ba. Ya buɗe murfi ya tsaya yana kallo kawai, har na ƙosa.

"Malam, kar ka matsa mashi. Irin waɗannan a hannu suke mutuwa, wajen kokawar duba su."

Sai da ya yi masa allurar kwantar da hankali sannan ya ɗora abin sauraro. Ƙasan ƙirji shiru, dama da hagu, zuciya can nesa. Ruwa ne ya kewaye huhu. Ya aske ɗan wuri tsakanin haƙarƙari na 7 da na 8, ya soka ƙaramar allura mai fukafuki, yaronsa na ja da sirinji. A cika, a juye a kwano, a sake. Mililita 130 daga wannan ɗan ƙirjin. Tsararo, ja-ja kaɗan, ba wari. Ina kallo wuyan ya sauko a hankali.

Ya ga tabon kafaɗa. Faɗan da ya yi da baƙin muzurun bayan gida, ƙarshen Disamba. Ya ce da mugunya ce ta fito, da ya ɗora laifin kan cizon. Wa ya yi magani? Ƙanena ya kai shi wurin wani mai sayar da maganin dabbobi, allura biyu, ɗaya ta kashe kumburi. Ya rubuta. Bai ce komai ba.

Ya sake saurara. Jatau ya fara gurnanin nan nasa da Inna ke cewa wuridi yake, ya rufe komai. Dokta ya kai audugar sifirit kusa da hancinsa, ya yi tsit nan take. Ya sa min abin a kunne: bugu uku maimakon biyu, da sauri. Sukuwa suke kiranta.

"Zuciya ce, Dokta?"

"Da alama. Wace iri, sai an gani da ido."

Allurar Lasix. Gida kafin la'asar.

Laraba, 7

44, yana barci.

Ƙwayar Lasix ta mutane ce, miligiram 40. Jatau kilo 3.6. Rabonsa kashi ɗaya cikin takwas, safe da dare. Sabuwar reza, bayan faranti. Biyu, huɗu, daga nan sai ta fara marmashewa. Ɓarin ba sa fita daidai. Na jera su a murfin kwalba, manyan na dare.

A ɗaga kai, a buɗe baki, a tura can bayan harshe, a rufe, a shafa maƙoshi. In ya lashi hanci ya haɗiye. In bai lasa ba, a duba ƙarƙashin tabarma.

Dokar Dokta: ƙirga sai yana barci sosai, ba yana gurnani ba. Tashi da saukar ciki, ɗaya ke nan. Ƙasa da 30 lafiya. In ya haura 40 ya zauna can, a kira shi ko tsakar dare ne. Auta ta ja layi a sabon littafi: rana, lokaci, adadi.

Fitsari ko'ina. Ruwa kar ya yanke a kwanonsa.

Alhamis, 8

38.

Ɗan Kawu da ke ajin ƙarshe na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ya turo takarda ta WhatsApp. Matsayar da ƙungiyar likitocin cikin dabbobi ta Amurka ta fitar a 2020 kan ciwon naman zuciya a mage. Na karanta a ɗakin malamai, takardun 'yan aji biyu na jira.

Ba ciwo ɗaya ba ne. Kashi biyar suka yi, bisa kamannin da ake gani a sikanin. Na farko, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba: bangon ɗakin ƙasa na hagu ya yi kauri, ba ya sakewa ya cika da jini. Na biyu kishiyarsa, bango ya yi siriri, ɗaki ya buɗe, matsa ba ƙarfi. Na uku kauri daidai amma ya sandare, ɗakunan sama sun kumbura. Na huɗu a ɓangaren dama yake, bugu a rikice, ba kasafai ba. Na biyar, duk wanda ya ƙi shiga huɗun. Wannan na biyar ya burge ni. A ajinmu muna koyar da rabe-rabe kamar kowace halitta ta san gurbinta.

Abin da ya tsaya min a rai na biyun ne. Har zuwa 1987 shi ke kashe maguna da yawa a Amurka, sai Paul Pion da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano ƙarancin sinadarin torin ne a abincin maguna na kanti. Aka ƙara shi, ciwon ya kusa ɓacewa, waɗanda suka kamu ma da yawa suka warke. Jikin mage ba ya iya haɗa isasshen torin da kansa, sai daga nama da kifi.

To me Jatau ke ci? Sauran tuwo da miyar kuka. Fura, in Inna ta rage. Kan kifi ranar sa'a. Ɓera da ƙadangare, iya abin da ya kama, kuma ɓera na da torin sosai. Amma tun da aka zuba siminti a ɗakin hatsi ɓeraye sun ragu.

Na fi son ya zama wannan. Shi ke da magani a mahauta. Na biya na sayo zuciyar akuya, na yanka ƙanana. Ya ci uku.

Juma'a, 9

33.

Kawu ya biyo bayan masallaci. An riga an kai masa labari.

"Ashe kuɗi sun yi maka yawa. Mutane na kwance a asibiti ba na magani, kai kana ɗaukar mage a napep."

"Allah ya huci zuciyarka, Kawu."

Ba ni da amsa, kuma maganarsa ba ƙarya ba ce. Ran Talata kaɗai abin da ya fita ya isa cefanen mako. Inna ce ta amsa daga ɗaki, ba ta ko fito ba. Ta tuna masa matar nan ta hadisi da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle ba ci ba sha. Kawu ya ce ai ba a kulle wannan ba. Inna ta ce to, ba a kuma sake shi ba.

Ya sha fura ya tafi. A zaure ya tambaye ni a hankali ko maganin irin na marigayinmu ne. Na ce shi ne.

Lahadi, 11

29 da asuba. Karon farko. Auta ta zagaye shi da jan biro.

Da yamma 36. Ta goge murnar.

Litinin, 12

Na tambayi Dokta hoton ƙirji. Ya ce zai nuna ruwa a huhu, zai nuna in zuciya ta girma sosai, amma ba zai faɗi irin ciwon ba. Mai kaurin nan ta ciki take cikowa. Kamar ɗakin ƙasa da ake yaɓe ta ciki duk shekara: daga waje girmansa ɗaya, ciki kuwa wurin shimfiɗa tabarma sai raguwa.

Kunne ma ba abin dogaro ba ne. A Ingila an duba maguna 780 masu lafiya a gidajen ajiye su, aka buga sakamakon a 2015. Kimanin 4 cikin 10 na da wata ƙara a zuciya, amma masu kaurin bango ba su kai 15 cikin 100 ba. Da yawa masu ƙara lafiyarsu lau, wasu marasa ƙara kuma suna ɗauke da ciwon. Akwai gwajin jini na ɗigo kaɗan da ke nuna ko zuciya na cikin wahala, shi ma ba ya faɗin iri. Dole sikanin.

Zariya, asibitin koyarwa na dabbobi? Ko ta Kano ko ta Malumfashi da Funtuwa, yini guda a kwali cikin motar haya. Ta Ƙanƙara ba wanda ya kawo maganarta ma. Dokta ya girgiza kai. Tsoro kaɗai ya isa ya maido da ruwan.

Yana da aboki mai duba dawakan folo. Abokin na da na'urar hannu da yake duba jijiyar ƙafar doki da cikin goɗiya, da wani ƙaramin kai da zai iya shiga tsakanin haƙarƙarin mage. Sai ya dawo daga Kaduna.

31.

Talata, 13

Jini, don ƙoda. Lasix na jan ruwa, ƙoda ke biya. Dokta ya ɗiba a jijiyar wuya, na kai wani ɗakin gwaji na mutane. Yarinyar da ke cike takarda:

"Suna?"

"Jatau."

"Sunan mahaifi?"

Na ce muzuru ne. Ta kira abokiyar aikinta ta zo ta gan ni.

Sakamako da yamma. Ƙoda na riƙe, fotashiyam ya ɗan sauka. A ci gaba, a sa ido ga cin abinci.

Alhamis, 15

Mai dawakin bai dawo ba.

28, 30. Ya hau taga ya yi wanka da harshe. Tun ranar 4 bai yi ba.

Juma'a, 16

Gobe, in ji Dokta. Kar a ba shi abinci da yawa.

Na kasa barci. Na ƙirga ƙarfe ɗaya, na ƙirga ƙarfe uku. Inna daga gadonta, cikin duhu: "Kai, ka bar shi ya huta. Kai ma."

Asabar, 17

Gida suka zo, don kar a motsa shi. Mai dawakin dogo ne, hularsa duk ƙura. Ya gaida Inna har ƙasa, ya ce Hajiya yau dai an rage masa girma, daga ingarma zuwa muzuru.

Ba wuta, na'urar kan batir. Ana son mage ta kwanta kan gefen dama, a duba ta ƙasa, don zuciya ta faɗo kusa da haƙarƙari huhu ya kauce. Su can suna da tebur mai rami. Mu bencin zaure muka jawo, mai tazara tsakanin katako biyu. Aka aske bayan gwiwar hannu, sifirit, man sikanin mai sanyi. Ni riƙe da ƙafafu, Auta na shafa kai, mai dawaki a durƙushe ƙarƙashin benci, Dokta riƙe da allo.

Fari da baƙi, yashi-yashi. Sai ga ta. Ƙarama ƙwarai, tana ta fizga, sama da 200 a minti. Ban san haka take da sauri ba.

Matsa kam tana matsawa, har bango na taɓa bango. Ke nan ba ta torin ba ce. Na ji abin ya sauka min a ciki tun kafin su faɗa.

Awo sai a daidai lokacin da ta saki ta gama cika. A tsayar da hoto, a koma baya kaɗan-kaɗan, a sa alama nan da nan. Ƙasa da milimita 5 lafiya. Daga 6 zuwa sama kauri. Tsakani kuwa jayayya. Suka auna, suka sake. Bangon tsakiya 6.6, na baya 7.1. Suka ɗan yi gardama kan wani zare da ke manne da bangon tsakiya, ko an haɗa da shi a awon farko. Aka cire shi, 6.3. Duk da haka ya haura.

Milimita ɗaya. Na duba kan rula da daddare, kaurin farce da ɗan ƙari.

Daga nan ɗakin sama na hagu. Ana gwada faɗinsa da na babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. A mai lafiya bai cika wuce ɗaya da rabi ba. Nasa 2.0. Dokta ya ce wannan ya fi kaurin bangon ba shi tsoro, don a nan jini ke kwanciya ya daskare. Suka daɗe suna neman abin da suke kira hayaƙi, jini mai juyawa a hankali kafin ya zama guda. Mai dawaki ya ce bai gani ba, amma na'urarsa ba don wannan aka yi ta ba, kar a riƙe shi da magana.

Hawan jini ma na kawo kauri. Ba abin auna na mage. Dokta ya haska bayan idonsa, jijiyoyi lafiya, ba zubar jini. Tayirod, wanda ke kumbura ya zama maƙoƙo a mutum, shi ma yana kawowa, amma ciwon tsofaffin maguna ne, daga shekara 6 ake fara nemansa. Jatau damina biyu ya gani.

Batir ya yi ja. Suka ɗauki bidiyo da waya daga allon. Mai dawaki ya ƙi karɓar komai sai kuɗin mai. Inna ta cusa masa ƙullin daddawa.

Lahadi, 18

Na zana wa Inna zuciya a bayan kalanda. Ta kalla ta ce, "Irin na masu jego ne? Da ƙafa ke kumbura, mace ta kasa kwanciya?"

Ta san shi fiye da ni, ta yi jinyar biyu a dangi. Na ce dangin juna ne, amma na masu jego buɗewa zuciyar ke yi, nasa cikowa. Ƙasar Hausa na cikin inda na jegon ya fi yawa a duniya. A shekarun 1970 Davidson da Parry suka rubuta a kansa a Zariya, suka danganta shi da wankan jego da kwanciya kan gado mai zafi da kunun kanwa. Binciken Farfesa Kamilu Karaye na Kano daga baya ya fi karkata ga ƙarancin sinadarin seleniyam da rama da talauci.

Inna: "Mu dai mun yi wankanmu kwana arba'in, ga mu."

Sabon magani, kulofidogirel, don hana gudan jini. Ƙwayar miligiram 75 a raba huɗu, kwata ɗaya a rana. An gwada shi da asfirin a magunan da suka taɓa samun gudan, sakamakon 2015: masu shansa sun kai kwana 443 kafin ya dawo, masu asfirin 192.

Ɗaci kamar me. Ya yi kumfa har ƙirji, ya gudu bayan randa, ya ƙi kallona har dare.

Talata, 20

An ga watan Sha'aban.

Na zazzage wani kafso na cusa kwatar a ciki, na shafa man shanu. Ta wuce.

Ɗan Kawu ya nuna wa wani malaminsu bidiyon. Amsa ta zo da muryarsa, minti huɗu, na saurara ina maimaitawa.

Ya yarda kauri ne. Amma ya ce a rubuta "kamannin mai kauri", kar a rubuta ciwon gado tukuna. Haka takardar 2020 ta tsara: a faɗi abin da ido ya gani, a ci gaba da neman dalili. Lasix kansa in ya ja ruwa da yawa zuciya na tsukewa, bango ya yi kamar ya fi kauri. Mataki kuwa ba gardama. A, mai haɗarin kamuwa, ba a ga komai ba. B1, an gani, ba alama, ɗakin sama bai kumbura sosai ba. B2, ba alama amma ya kumbura. C, ruwa ya taɓa taruwa ko gudan jini ya taɓa toshewa. D, magani ya daina ci. Jatau C. Ko ruwan bai sake dawowa ba, C ɗin na nan.

Sai ya tambayi shekaru, da cizon, da allurar kashe kumburin. A 2018 an ba da rahoton maguna 21 da suka zo daidai haka, kauri da ruwa, yawancinsu ƙanana, yawancinsu bayan wani abu ya same su: tiyata, rauni, zazzaɓi. Bayan kamar wata uku bangon ya koma daidai, aka daina magani. Allurar kashe kumburi ita ma an san tana jefa wasu maguna cikin taruwar ruwa. A ranar farko ba mai iya raba wannan da na gado. Sikanin ɗaya suke bayarwa. Sai an sake dubawa.

Na faɗa wa Auta. Ta yi tsalle. Na ce maguna 21 ne kawai a duk rahoton, ba a rubuta shi don sun yi yawa ba. Ta ce to ai 22 ke nan.

27.

Laraba, 21

Na gadon: an gano ƙwayar halittar a Maine Coon a 2005, a Ragdoll a 2007. Magunan masu kuɗi. Amma yawancin masu ciwon ba su da wani asali, irin namu ne na kan katanga, kuma maza sun fi. Uwar Jatau a kasuwa take, uban kowa ya sani ba wanda ya sani.

26. Darasin zagayen jini ga 'yan aji biyu. Na zana ɗakuna huɗu a allo na tsaya ina kallo har wani ya ce Malam, a kwafa?

Juma'a, 23

Da asuba ya fito yana jan ƙafar baya ta hagu.

Abin da Dokta ya ce in ji tsoro ke nan. Gudan ya ɓalle daga zuciya, ya bi babbar jijiya, ya toshe inda ta rabu biyu zuwa ƙafafu. Kuka mai tsanani, ƙafa sanyi, tafin ya yi fari ko shuɗi, cinya ta yi tauri.

Hannuna na rawa. Na taɓa ta dama, na taɓa ta hagu. Ɗumi ɗaya. Na haska tafin da waya, ja ne. Ba kuka. Na buɗa tsakanin yatsu.

Ƙarangiya.

Na zauna a ƙasa. Inna ta yi dariya har da tari, sannan ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Talata, 27

25, 27. Ya kama ƙadangare, ya cinye rabi, ya aje min sauran a takalmi.

Ɗan Kawu ya turo wani labari. A Maris 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da izini na wucin gadi ga wata ƙwaya, Felycin-CA1, sau ɗaya a mako, don rage kaurin. Ga waɗanda ba su fara nuna alama ba. Ko da ana sayar da ita a Ƙofar Ƙwaya, mun wuce layinta.

Asabar, 31

Bai kwana gida ba. Wata mace na kuka a bayan gidan maƙwabta tun shekaranjiya. Maganin dare a murfi, na safe ma.

Na zaga har bakin makarantar firamare. Yara sun ga ja, sun ga baƙi, sun ga wanda mota ta take a titi, amma wancan fari ne.

Lahadi, 1 ga Fabrairu

Ya diro ta katanga da hantsi. Kunne a tsage. Ya sha ruwa kamar ba gobe, ya faɗi ya yi barci.

41. Bayan magani da awa uku, 35. Da dare 32.

Dokta ya ce dandaƙa ce maganin yawon, amma ba zai sa masa maganin barci da wannan zuciyar ba. Inna ta ce ko da lafiyarsa ba za a yi ba. Na toshe tagar ɗakin girki da ragar kaji. Ya zauna gabanta yana zagina.

Laraba, 4

28.

Albashi bai shigo ba. Kafso ya ƙare, na koma naɗe kwatar a fatar kifi.

Litinin, 9

Dokta ya saurara. Sukuwar ba ta nan, ko kuma ta ɓuya. Kilo 3.8. Ya ce ƙarin nama ne, ba ruwa ba, ƙasan ƙirji na jin iska. A rage Lasix na safe, a bar na dare, a ga abin da littafin Auta zai ce. In zuciyar na komawa daidai, ba zai nemi maganin ba. In ta gado ce, adadin zai hau.

Na ce ke nan gwaji ne.

"Duk abin da muke yi tun farko gwaji ne, Malam."

Laraba, 11

27, 29.

Alhamis, 12

33. Na sake bayan minti goma, 30. Ƙafarsa na motsi, ƙila mafarki. Na rubuta duka biyun. Auta ta ce a rubuta ƙaramin. Na ƙi.

Lahadi, 15

29, 31, 28. Ba hawa, ba sauka.

Kawu ya aiko da gero na azumi, da ƙullin ƙananan kifi busassu a saman buhun. Ɗan aiken ya ce an ce na mara lafiya ne.

Azumi cikin makon nan. Inna ta riga ta tsara: kulofidogirel da sahur, Lasix bayan an sha ruwa, ita za ta riƙa tuna min. Sikanin na biyu sai bayan salla, lokacin wata uku ya kusa cika. Mai dawaki ya ce in yana gari. Dokta na son a sake jinin ƙoda kafin nan, ban ce masa e ba, ban ce a'a ba.

Saura kwata uku a murfi. Gobe in na taso makaranta in biya kyamis, da sabuwar reza.